WA YA KORI TSOFAFFI DAGA KASUWA?

'Yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa na Kusada da Kankiya da ƙauyukan da ke kewaye, wannan mako tambaya ɗaya gare mu, muna kuwa so kowa ya amsa ta a ransa kafin ya yage takardan nan ya ƙunshe gishiri da ita. In ranar kasuwa ta kewayo, ku ɗaga kai daga kan kayanku ku dubi rumfuna. Ina dattijon nan mai goro wanda ko ana ruwa ba ya fashi? Ina tsohuwan nan mai daddawa da kuka, wadda ta san sunan kakar kowa? Ina masu tufkar igiya da masu saƙar faifai, ina tsofaffin dillalan kara waɗanda in sun dafa bayan rago suka faɗi kuɗinsa ba mai musu? Waɗansu Allah ya karɓi abinsa, Allah ya ji ƙansu. Amma da yawa suna nan da ransu, suna zaune a ƙuryar ɗaki ko gindin danga, ba mai ce musu ina kwana sai yaron da aka aiko da kwanon tuwo. In an yi shekara biyu ko uku haka sai ka ji ana cewa, "Ai Baba ya fara gigin tsufa, jiya ma bai gane ɗansa ba." Kowa ya ce Allah ya sawwaƙe, a wuce.

To, mu ba mu yarda a wuce ba. Abin da mu ke cewa shi ne, zaman kaɗaicin nan yana cikin abubuwan da ke gaggauta gigin, kuma ba tsofaffin suka zaɓar wa kansu shi ba, tura su aka yi. Akwai hannun mahukunta a ciki, akwai kuma namu hannun, kowa za mu faɗa masa nasa.

Bari mu fara da wata ƙasa mai nisa, domin su sun zauna sun ƙidaya abin da mu da ido kawai mu ke ganinsa. Sunanta Koriya ta Kudu, can gabas kusa da Japan. A 1960, shekarar da muka sami mulkin kai, ƙasar manoma ce matalauta, wadda yaƙin 1950 zuwa 1953 ya ragargaza, mafi yawan mutanenta kuwa a ƙauye su ke. Yau su ne masu ƙera wayar Samsung da ke aljihun waɗansunmu, da motocin Hyundai da Kia da ke wuce mu a hanyar Kano zuwa Katsina. Arziki ya zo musu da tsawon rai, har matsakaicin kwanan mutum ya kai wajen shekara 83, haihuwa kuma ta ragu ƙwarai. A watan Disamba na 2024 Gwamnatinsu ta ba da sanarwa cewa mutum ɗaya cikin kowane biyar ya kai shekara 65 ko ya wuce.

Da suka hango inda abin ya nufa, tun a 2006 suka zaɓi mutum 10,254 masu shekara 45 zuwa sama, kowace shekara biyu a koma wa su ɗin dai a yi musu tambayoyi. Sau nawa ka ke ganin abokanka? Kana zuwa taron ibada? Kana cikin ƙungiyar 'yan garinku, ko ta waɗanda kuka yi makaranta tare, ko ta masu zubi? (I, su ma suna da adashi tun kaka da kakanni, "kye" su ke ce masa.) Sa'an nan a gwada ƙwaƙwalwar mutum: yau wace rana ce, ina mu ke yanzu, ga sunan abu uku ka riƙe za a tambaye ka an jima, cire 7 daga 100, sake cire 7 daga abin da ya rage. Daga bisani a ce masa, tsakanin sifiri da 100, maki nawa za ka ba jin daɗin zamanka na duniya?

Masanan da suka bi sawun amsoshin nan shekara da shekaru sun yi ta cin karo da abu guda. Tsohon da ke shiga mutane a kai a kai, yana zuwa zauren tsofaffi ko taron abokai, ƙwaƙwalwarsa ta fi daɗewa da kaifinta, shi ne kuma ya fi ba rayuwarsa maki mai yawa. Wanda ba ya fita, ko wanda da yana fita ya zo ya daina, shi ya fi saurin komawa baya.

Mu 'yan kasuwa wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Ku sake duban jarrabawar tasu. Wai cire 7 daga 100! Ashe ba abin da tsohuwa mai daddawa ke yi ke nan ba tun hantsi har la'asar sakaliya? Tana riƙe da bashin mutum goma a ka, ba littafi ba alƙalami, ta san wanda ya biya rabi ran kasuwar da ta wuce, ta san wadda ta ce sai mijinta ya sayar da wake. Tana gane jikan wance daga tafiyarsa. A taya ta ce albarka, a yi mata ba'a ta mayar da wadda ta fi ta, ta ba wannan canji tana sauraren labarin wancan. Kafin wannan duka, ta tashi da asuba ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau domin ta san za a gan ta, ta taka ƙafa, ta sha iska, ta ci ƙosai cikin mutane, abinci kuwa ya fi shiga cikin mutane. Haka dattijon da ke zaman majalisa a bakin masallaci, ko mai buga dara gindin darbejiya, ana gardamar farashin taki, ana ƙaryata juna a kan shekarar da aka yi fara. Wuƙar da a ke yanka da ita kullum ba ta tsatsa. Kuma abin da ya fi duka, a wurin nan ana bukatarsa. In rigimar iyakar gona ta taso shi a ke kira, in za a yi aure shi ya san wa ya sha nonon wa. Ran da aka daina tambayar mutum kome, me zai sa ya riƙe kome a ka?

Mun san wani mai wayo zai ce mun juya zancen, wai ba zaman gida ne ya kawo gigi ba, gigin ne ya fara shiga a ɓoye, shi ya sa tsoho ya fara jin kunyar mutane ya daina fita. Akwai gaskiya a cikin wannan, ba za mu ɓoye ta ba. Masanan ma sun san da haka, shi ya sa su kan fara ƙidayarsu da waɗanda hankalinsu ke daidai, sa'an nan su bi su gaba su ga wa zai fara tangaɗi. Ba kuma cewa muka yi kasuwa laya ce ba, akwai wanda bai taɓa fashin jama'a ba ciwon ya same shi. Amma wani kwamitin manyan likitoci na mujallar Lancet ta Ingila ya lissafa abubuwa 14 a 2024, ya ce in an magance su ana iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na wannan ciwo a duniya. A ciki akwai hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, da rashin ji, da rashin gani, da rashin samun karatu tun ƙuruciya, akwai kuma kaɗaici. Ko da wace fuska ka dubi abin, tsohon da ya ɗauke ƙafa daga jama'a, ko dai ciwon ya fara, ko kuwa an buɗe masa ƙofa. Duka biyu abin da su ke bukata shi ne a tashi a je a duba shi.

Kada kuma a ce zancen Turawa ne da mutanen gabas. Nan cikin Nijeriya, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun fara bin tsofaffi fiye da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarabawa tun 2003. Waɗanda suka tarar ciwon ya fi kamawa su ne mata, da mazauna ƙauye, da matalauta, da waɗanda suka yanke daga mutane. Mace, a ƙauye, ba ta da shi, ba mai leƙa ta. Jama'a, sai ka ce wata tsohuwa su ke kwatantawa a Dudunni ko Mawashi.

Akwai kuma masu cewa, ai mu Hausawa zumunci gare mu, ba ma yar da iyayenmu kamar waɗancan. Sannunku! Su ma mutanen Koriya da haka su ke faɗi. Biyayyar iyaye ce ginshiƙin tarbiyyarsu, babban ɗa kuwa a gidan uba ya ke zama da matarsa har tsoho ya cika. Cikin zamani guda samari suka kwarara birni wurin masana'antu, aka bar tsofaffi a ƙauye da gonakin shinkafa. Yau wajen mutum 4 cikin kowane tsofaffi 10 nasu a cikin talauci a ke lissafa su, ba kamarsu a cikin ƙasashe masu arziki, har ka ga tsohuwa tana tura amalanke tana tsintar kwali a titi don ta sayar. Gwamnatinsu ta ƙidaya mutum 3,661 a 2023 waɗanda suka mutu su kaɗai a ɗaki ba wanda ya sani sai daga baya, mafi yawansu maza 'yan shekara hamsin da sittin. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da a ke yi wa naka.

Mu ma ai hayaƙi ya fara tashi. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta rubuta littafi a kan yadda talakan Hausa ke noma, ta yi dogon bayani a kan gandu, watau uba da 'ya'yansa masu aure suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. To, yau ku ƙirga gida nawa ne a Yashe ko Kofa ko Kaikai da gandun ke tsaye yadda a ka san shi. 'Ya'ya suna Kano da Abuja da Ikko da Fatakwal, wannan acaba, wannan gadi, wannan tura ruwa, cin rani ya koma cin shekara. Ba mu ga laifinsu ba, gona ta tsuke da rabon gado, taki ya fi ƙarfin talaka. Masu kirki a cikinsu suna aiko da kuɗi ta waya, Allah ya yi musu albarka. Sai dai kuɗi masara ya kan saya, ba ya zama ya yi hira da tsoho.

Da ya ke gida ya yi shiru, kasuwa da majalisa da sabgogin dangi su ne suka rage wa tsoho. Su ɗin kuma sai aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana toshewa.

Ran 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta taɓa 1,000. Manya a Abuja suka yi ta bayanin tattalin arziki. Mu bayanin da muka gani shi ne, tsohuwar da ribarta duka a yinin kasuwa ba ta wuce kuɗin mashin zuwa da dawowa ba, ta ajiye ƙwaryarta. Dattijon da ba ya barin gaisuwar mutuwa ta wuce shi ko a wane gari ce, ya koma aika saƙo. An ce zumunta a ƙafa ta ke, to, ƙafar mai shekara 75 ba ta kai shi Kankiya, sai da mota. Kafin wannan, a farkon shekarar ta 2023, an yi canjin kuɗi, takardun naira suka ɓace daga hannun mutane, aka ce kowa ya yi ciniki ta waya. Wace waya? Tsohon da ko lambar da ke jikin wayar ba ya gani? Matasa suka iya, suka ci gaba da ciniki, tsofaffi suka zauna da kayansu suna kallo. Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris, kuɗi ya dawo, amma ba duk tsohon da ya tashi daga rumfarsa a watannin nan ne ya koma ba, domin ɗan jarin an cinye shi.

Ga kuma masifar 'yan bindiga, wadda ta faro daga yammacin jiha wajen dajin Rugu, ta yi ta matsowa har yankinmu. A damunar 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da ta Caranci maƙwabciyarmu, kafin daga baya a sassauta. Ko an yarda da dalilin ko ba a yarda ba, wa ya tambayi halin da tsofaffin dillalai suka shiga? Kuma inda tsoro ya sauka, hirar dare ta mutu, ana sallar lisha kowa ya shige ya ja ƙyaure. Wanda aka raba da ƙauyensu ya koma raɓe a gidan wani a gari, in yaro ne ya yi sababbin abokai cikin mako guda. Tsoho fa? Duk waɗanda suka san shi sa'ad da ya ke wani abu sun watse.

Sai maganar ido da kunne, wadda ita ce ta fi ba mu haushi domin ta fi sauƙin gyara. Binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da manya, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na makantar ana iya hana ta ko a warkar da ita. Aikin yana ba ya cin awa guda. Amma mutum nawa ne a ƙauyukanmu suka daina fita don kawai ba sa gane fuskar mai gaishe su, suna jin nauyin a ce sun yi girman kai? Nawa ne suka bar majalisa don an gaji da maimaita musu magana, yara suna dariya? Waɗannan duka gigin tsufa mu ke ce wa abin da ya same su, alhali kuwa tun farko ido ne da kunne.

Yanzu ga namu laifin, 'yan'uwa, kada mu ɗora wa Gwamnati duka. Akwai wani irin tausayi da ke kashe mutum. Yaro ya sami ɗan abin hannu sai ya ce, "Baba, ka daina zuwa kasuwan nan, kana ba ni kunya, mutane za su ce ba na kula da kai. Zauna ka huta, kome ka ke so zan kawo." Ya karɓe rumfa ya sa ƙanensa, ya saya wa tsoho katifa da rediyo, yana ganin ya gama biyayya. Haba ɗan'uwa! Ba don ribar goro ya ke zuwa ba, ribar nawa ce? Ka rage masa kaya, ka sa yaro ya ɗaukar masa, ka biya masa kuɗin mashin, amma ka bar masa buzunsa inda ya ke shekara arba'in.

Na mata ya fi tsanani, ba a kuwa cika faɗinsa ba. A ƙasar Hausa tsohuwa ita ce ƙafar matan kulle. Ita ce dillaliya mai shiga gida gida da zannuwa da kwanoni, ita ce ungozoma, ita ke wankan jego, ita ke raka amarya, ita ke tara kuɗin adashi, ita ke sasanta kishiyoyi. Aikin da ke hana ƙwaƙwalwa barci ke nan. Yanzu haihuwa ta fara komawa asibiti, mun kuwa yi murna da haka, ciniki ya koma waya, amare sun ce tsohuwa ta cika sa ido. In mijinta ya rasu, 'ya'ya mata suna gidajen aure, sai a ware mata ɗaki can ƙarshen gida. Ran da ta fara surutu ita kaɗai, ko ta fita da dare ta rasa hanyar komowa, sai wani marar tsoron Allah ya ce mayya ce. Assha! Matar da ta yanke wa rabin unguwa cibiya! Ciwo ne kamar kowane ciwo, wurin likita a ke kai shi. Duk wanda ya ji an fara irin wannan zance a unguwarsu, ya tsaya ya kashe shi tun bai yi ƙafa ba.

To, me mahukunta suka tanada? A takarda kam, ba laifi. A farkon 2018 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jihar nan, ya sa hannu a kan dokar kafa Cibiyar Tsofaffi ta Ƙasa, a 2021 aka naɗa mata shugabanni, a shekarar kuma aka amince da manufar ƙasa a kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ambaci tsofaffi cikin marasa ƙarfin da za a ɗauki nauyinsu. Madalla. Sai mu ce ku tari tsofaffi goma a bakin kasuwa ku tambaye su ko sun taɓa jin sunan ɗaya daga cikin waɗannan. Fansho kuwa na wanda ya ci albashi ne. Manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu, watau kusan kowa da kowa a Kusada, ba su cikin lissafi, fanshonsu 'ya'yansu ne, in 'ya'yan sun samu.

Ba kuwa sadaka mu ke roƙar musu ba. Mai shekara 75 ko 80 a yau shi ne saurayin da ya noma gyaɗa da auduga sa'ad da su ne ke riƙe da Arewa. Shi ya sha farin 1973 bai gudu ba. Shi ya yi ta biyan haraji da jangali, ko an yi amfani ko ba a yi ba, har 1979 da Gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a tsohuwar Jihar Kaduna, muna cikinta a lokacin. Bashi ya ke bi.

Ku dubi abin da Koriya ta yi da ta farga, ko da ya ke ta makara, kuma har yanzu ba ta gama gyara ba. Tun 1984 mai shekara 65 ba ya biyan kuɗin jirgin ƙasa na cikin birni, don dai ya fita. Suna da zaurukan tsofaffi fiye da 60,000, kusan kowane ƙauye da kowace unguwa, hukuma tana taimaka musu da shinkafa da kuɗin ɗumama ɗaki, tsofaffi su taru su dafa su ci tare, su yi wasanninsu, in wani bai zo ba yau a aika a dubo shi. Daga 2014 suna ba kashi 70 cikin 100 na tsofaffinsu, waɗanda suka fi ƙaramin ƙarfi, kuɗin wata wata. Daga 2017 suka shiga buɗe cibiyoyin kula da masu gigin tsufa har 256. Za a ce ai su masu kuɗi ne. To, Jihar Ekiti fa? A 2011 Gwamna Kayode Fayemi ya fara ba tsofaffi marasa galihu masu shekara 65 naira 5,000 kowane wata. Ekiti ba ta fi Katsina samun kaso daga Abuja ba.

Mu ma ba ma bukatar mu kwaikwayi kowa, zaure da rumfa ai namu ne tun asali. A ƙidayar 2006 mutanen Ƙaramar Hukumar Kusada ba su cika 100,000 ba, a Nijeriya kuwa waɗanda suka kai 65 ba su wuce wajen 3 cikin 100 ba. Ko an ce jama'a ta ninka tun daga lokacin, 'yan dubbai ne kawai a ke magana a kansu. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka muna tambayar Shugaban Ƙaramar Hukuma da kansilolinsa, da na Kankiya su ma: rumfa guda mai inuwa a kowace kasuwa, da tabarmi da randar ruwa da makewayi kusa, nawa za ta ci? Makewayin nan kada a raina shi, tsofaffi da yawa abin da ke hana su yini a kasuwa ke nan, kunya ce ta hana su faɗi. A sa ma'aikacin lafiya ɗaya ya zauna a rumfar ran kasuwa da abin awon jini, wanda aka ga nasa ya hau a rubuta masa takarda zuwa asibiti. A yafe wa duk wanda ya kai 65 kuɗin rumfa da na tikiti, domin abin kunya ne yaro ɗan shekara ashirin ya tsaya a kan tsohuwa mai tallan kuka yana yaga mata rasit. Sau ɗaya a shekara, bayan an kai amfani gida, a kawo likitocin ido su cire yana. Kuɗin wata wata kuwa wannan na Gwamnatin Jiha ne, za mu kuma ci gaba da tambayarta.

Za su ce tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa, yaya za a san mai 65? Wannan ba hujja ba ce. Duk wanda aka aika kasuwa da sule da sisi ya kawo canji daidai kafin naira ta shigo a 1973, ya kai ko ya kusa, mai unguwa kuwa ya san su ɗaya ɗaya. Abin da ba mu so shi ne a mayar da zancen nan kwangila, a gina ɗaki a shafa masa fenti a sa kwado, maɓalli yana aljihun wani. Ba mu kuma son irin taimakon gab da zaɓe, a jera iyayenmu cikin rana tun safe, a miƙa musu taliya ana ɗaukar hoto.

Akwai abin da ba sai mun jira kowa ba. Shugabannin 'yan kasuwa, kowane layi ya san tsofaffinsa da suka ɗauke ƙafa, a ajiye musu wurin zama ko ba su kawo kaya ba, in gardamar ciniki ta taso a mayar musu su raba. 'Yan'uwanmu direbobi da masu mashin, ku zauna a ƙungiyarku ku duba ko rabin kuɗi ga tsoho ran kasuwa zai karya ku, mu dai muna jin ba zai karya ku ba. Masu adashi, kada ku cire Iya don zubinta ya yi kaɗan, ku raba mata hannu da wata. Masu gayyar suna da ɗaurin aure, goron gayyata ba ya isa ga wanda ba shi da abin hawa, a tura yaro ya ɗauko shi.

Magatakardan rassa kuma ga aikinku kafin taron wata mai zuwa. Kowa ya bi unguwarsa da littafi, ya rubuta tsofaffi maza da mata waɗanda suka daina fita, da abin da ya hana kowannensu: ido ne, ko kunne, ko ƙafa, ko kuɗin mota, ko tsoro, ko kuwa 'ya'ya ne suka hana. Ku nemi iznin mai gida kafin ku shiga, a gidajen kulle a tura mata 'yan'uwanmu. Kada ku tsaya a bakin ƙofa kuna tambaya kamar masu karɓar haraji, ku zauna a tabarma, in an kawo ruwa ku sha. In littattafan sun taru za mu haɗa jimillar mazaɓa mazaɓa, ba tare da sunan kowa ba, mu kai wa majalisar Ƙaramar Hukuma hannu da hannu, mu kuma buga amsar da suka ba mu a wannan shafi.